Yadda Ake Koyon Zanen Mata Daga Aikin Safiyya Binzagr

Safiyya Binzagr, 'yar Jidda da aka haifa a 1940 ta rasu a 2024, ta ƙarar da rayuwarta tana zana matan Hijaz: zamansu a cikin gida, daren lalle, bikin aure, da suturar da zamani ke ta turewa gefe. Masu koyo sukan ɗauko fitaccen zanenta na 1969, "Zabun", su kwaikwaya, kuma kusan duk wuri ɗaya suke yin tuntuɓe.

Da farko, ƙyale fuska. Na sha ganin ɗalibi ya ɓata rabin yini yana gyaran ido da hanci, da ya zo kan riga sai ya shafa launi ɗaya ya wuce. A wurin Safiyya kuwa, tufafin ne ke ba da labari. Ba ta zana kaya da ka. Sai ta zauna da tsofaffin mata ta yi musu tambayoyi, ta nemo tsoffin hotuna, ta tattara rigunan kansu.

Kai ma haka za ka yi. Kafin ka taɓa fenti, san kowane yanki da sunansa: zabun ita ce doguwar rigar sama, ƙarƙashinta akwai 'yar shara da wando, a ka kuma mihrama da mudawwara, wato ƙyallayen rufe kai guda biyu. Zana kowanne shi kaɗai da fensir, a takarda daban. Duba inda yadin ya taru a gwiwa idan mace ta zauna, inda ya saki, da yadda adon bakin hannu ke bin lanƙwasar hannun. Wanda bai fahimci yadda aka ɗaura abin kai ba, ɗankwalin da ya saba gani zai zana, matar ta tashi daga Bahijaziya ta koma wata daban. Kada ka wuce nan sai ka iya zana kayan ba tare da kallo ba.

Idan ka zo kan fenti, fentin ruwa da takarda mai kauri sun isa mai koyo.

Daga nan sa bango da kujera da launi mara ƙarfi, ɗora rigar, fuska a ƙarshe. Idan Allah ya kai ka Umara, ka ratsa Darat Safiyya Binzagr a Jidda, gidan da ta buɗe wa jama'a a 2000, inda aka ajiye zane-zanenta tare da ainihin tufafin.