Gidan saukar baƙi na 'yan kwanaki a Kano: inda ƙafar mai gida take tsayawa bayan ya miƙa makulli

A unguwannin cikin birni har yau ana ganin "Ba shiga" a bangon zaure, kuma babu baligin da zai wuce soro sai an yi masa iso. Bakano ya tashi da wannan ladabi tun yana yaro. Amma da zarar ya gina gidaje biyu a Hotoro ko Nassarawa ya fara saukar da baƙi na kwana uku zuwa sati biyu, sai ya manta, domin a ransa gidan nasa ne, kujerun nasa ne, na'urar sanyaya ɗakin ma da guminsa ya saya. Wanda ya biya kuɗin kwana biyar, ko dangin amarya ne daga Abuja, ko ɗan kasuwar Damagaram da ya zo sari Kantin Kwari, ko iyalin da ke jinyar mahaifinsu a Asibitin Malam Aminu Kano, ya biya kuɗin sirrinsa tare da kuɗin gadon. A waɗannan kwanakin gidan mazauninsa ne. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa.

Yawancin masu gida ba da mugun nufi suke kutsa wa baƙo cikin gida ba. Tsarin ginin ne yake tilasta musu: kati ya ƙare a mita, ruwa ya yanke, an ɗauke wuta, abin da za a taɓa kuma yana cikin falo. Saboda haka gyaran daga gini yake farawa.

Fitar da duk abin da zai sa ka shiga

Zagaya gidan da biro da takarda, ka rubuta kowane abu da kai ko maigadi kuke taɓawa a cikin mako. Na farko mitar KEDCO ce. Ɗan allon da ake danna lambobi 20 na katin wuta, sau da yawa a soket ɗin falo ake barinsa. A ja masa soket daga layin gidan zuwa baranda ko ɗakin maigadi, a sa shi cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Sannan a loda wutar da za ta isa kafin baƙo ya iso. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin kusan yunit ɗaya a awa. Guda biyu na awa goma a rana sun cinye 20, ga firji, ga abin dumama ruwa. A zafin Afrilu, kwana biyar na iya lashe fiye da yunit 120. Wanda ya loda 50 ya riga ya shirya wa kansa buga ƙofar baƙo da tsakar dare.

Makunnin da ke sauya wuta daga layi zuwa janareto shi ma waje zai koma, ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya bugu. Inbata da baturanta su zauna a sito mai ƙofa ta waje, musamman batura masu shan ruwa da ake ƙara wa ruwan batir lokaci-lokaci. Tukunyar gas mai kilo 12.5 a yi mata keji a bayan kicin, a huda bango a shigar da tiyo. Wannan ya sauƙaƙa canji, ya kuma rage haɗari.

Abin da aka fi mantawa shi ne ruwa. Kowane gida ya sami makashin ruwansa a waje, daban da na maƙwabcinsa. Idan bututu ya fashe a banɗaki baƙo yana kasuwar Dawanau, sai a rufe daga waje a jira shi, ba sai an buɗe masa ɗaki ba. Makunnin injin rijiyar burtsatse ya kasance a waje, tankin kuma a sa masa abin da ke kashe injin da kansa idan ya cika.

Wasu masu gida suna kulle ɗaki ɗaya a ciki su zuba kayansu. In ka yi haka, ka ɗauka kayan nan sun yi tafiya sai baƙo ya tashi. "Zan ɗan ɗauki abu ne kawai, Hajiya" ba uzuri ba ne.

Makulli da sakata

Ka san adadin makullan kowace ƙofa da hannun da kowanne yake. Ɗaya na baƙo. Na ajiya a sa shi a ambulan, a liƙe, a sa hannu a kan bakin liƙin, ya zauna wurin mutum ɗaya, kai ko manajanka. Ambulan ɗin da aka yage shi zai faɗa maka an shiga. Maigadi ya riƙe na get kawai. Mai shara ta karɓa a ranar aiki ta mayar a ranar.

Idan makulli ya ɓata, ko baƙo ya tafi da shi, kada a tsaya yanko wani, a canja kan makullin gaba ɗaya. A yawancin ƙofofin zamani dogon kusa ɗaya ne a gefen ƙofa yake riƙe da shi, minti biyar an gama. A tafi kasuwa da tsohon domin tsawonsu ya bambanta, wanda ya yi tsawo yana leƙowa waje, ɓarawo ya samu abin kamawa ya karya.

Ƙofa mai lambobi ta fi sauƙi in an yi amfani da ita daidai: kowane baƙo sabuwar lamba, a goge ta ranar tashinsa, a canja batura kafin su mutu a bar mutum a waje da akwatuna. Wasu daga cikin irin waɗannan ƙofofi suna rubuta lokacin shiga da fita a wayar mai gida. Wannan don tsaro ne, bai ba ka damar tambayar mutum inda ya kai dare ba.

Kowace irin ƙofa ce, a sa mata sakata mai ƙarfi ta ciki, wadda makullin waje ba ya buɗewa. Matar da mijinta ya fita ta san tana tura sakata ta cire mayafi hankali kwance. Kuɗinta kaɗan ne, amma babu abin da ya kai ta kwantar wa baƙo hankali.

Yadda ake neman shiga

Sharuɗɗan shiga a aika su a rubuce ta WhatsApp kafin a karɓi ko sisi: ranakun shara, awannin da za a iya zuwa gyara, da abin da ake kira gaggawa. Lokacin hunturu ƙura kan sa a so shara kowane kwana biyu, amma baƙo yana da ikon cewa a bari. In ya ce a bari, a ajiye masa zanen gado da tawul a bakin ƙofa. Inda akwai mata, mace za a tura. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa azahar, ko bayan la'asar kafin magariba. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta ambaci lokuta uku na tsiraici, kafin asuba da lokacin ƙailula da bayan isha'i, inda ko yaran gida sai sun nemi izini, balle mai gyaran famfo. Da azumi a ƙara jinkirtawa, mutane suna rama barci da hantsi.

Gyaran da ba na gaggawa ba a ba da sanarwar awa 24, a faɗi wanda zai zo da abin da zai taɓa da tsawon lokacin da zai ɗauka. Misali: "Assalamu alaikum Alhaji, barka da hutawa. Mai gyara zai so ya wanke na'urar sanyaya ɗakin falo gobe da ƙarfe 11, aikin rabin awa ne, ba zai shiga ɗakin kwana ba, kuma manajanmu zai tsaya tare da shi. In bai yi muku ba, ku faɗi lokacin da kuke so." Shiru ba amincewa ba ne. In ba a amsa ba, a sake aikawa, a kira, a ɗaga aikin.

Ranar aikin a yi sallama a ƙwanƙwasa, a koma gefen ƙofa yadda in an buɗe ido ba zai faɗa ciki ba, a ba mata lokacin kimtsawa. Sau uku ne kamar yadda hadisi ya koyar, in ba a amsa ba a juya. Kada a bar mai gyara shi kaɗai, kada ya ɗauki hoto sai na abin da ya lalace. Kawo dillali ko mai son kama gidan a sati mai zuwa ya duba ɗakuna alhali kayan wani suna ciki, wannan kam babu lokacin da ya halatta.

Gaggawa ta gaskiya ba ta da yawa: hayaƙi ko wuta, warin gas, ruwan da ke malala wanda rufe makashin waje bai tsayar ba, ko baƙon da ya yini a ciki ba ya amsa waya ba ya amsa ƙofa, musamman marar lafiya. Ko a nan a kira shi tukuna, a buga ƙofa da ƙarfi ana faɗin suna, a shiga mutum biyu, da mace in akwai iyali. In gas ne, a rufe tukunyar, a buɗe ƙofofi da tagogi, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki domin tartsatsinsa ya isa ya tada wuta. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, sai an ba shi lokaci ya fita. Lambar kiran gaggawa 112 ce. Bayan an fito, nan take a rubuta wa baƙo lokacin da aka shiga, da waɗanda suka shiga, da dalili.

Kyamara, takardu da bakin maigadi

Babu kyamara a cikin gida. Ba a falo ba, ba a kicin ba, ko a kashe take. Kamfanin Airbnb, mai shafin kama gidajen saukar baƙi a intanet, ya haramta ta gaba ɗaya a gidajen da ke shafinsa daga 30 ga Afrilu 2024, ko da mai gida ya sanar da baƙo. Ta bakin get da wurin ajiye mota tana da amfani, da sharaɗin a faɗa wa baƙo kafin ya biya. Bayan an ɗaura ta a duba hoton a waya da kyau: in tana hango taga, ko cikin falo idan an buɗe ƙofa, ko tsakar gidan maƙwabta ta saman katanga, a sunkuyar da ita. A kashe ɗaukar murya. Mutum ɗaya ya riƙe lambar sirrinta, a canja wadda mai ɗaurawa ya sa.

Damuwar masu gida a Kano sananniya ce kuma tana da tushe: babu mai son gidansa ya zama matattarar baɗala, maƙwabta su kai ƙara wurin mai unguwa, Hisbah ta zo ƙofa. Maganin wannan a bakin get yake. In ma'aurata da iyali kawai kake saukarwa, faɗi tun a talla. Rubuta adadin masu kwana, da ƙarfen da masu ziyara za su tafi, da hana taron casu. Wanda ya karya sharaɗi a yi masa magana a waje, in ta kama a sallame shi bisa yarjejeniya. Laɓewa a taga da tura mai shara ta leƙo ta kawo rahoto, tajassusi ne da Suratul Hujurat ta hana.

Katin shaida kuwa amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta karɓar abin da ake buƙata kawai, don manufar da aka faɗa, ba tare da riƙe shi fiye da kima ba. Hoton fasfo ko takardar NIN kada ya yi yawo daga wayar dillali zuwa ta manaja zuwa ta maigadi. Maigadi suna da lambar mota sun ishe shi. A ja masa kunne cewa duk wanda ya zo tambayar wa ya sauka, ko ya ce shi ƙanin baƙon ne, amsar ɗaya ce: a kira baƙon a waya, in ya ce a shigo a shigo. Bayan tashi a fitar da asusun Netflix da YouTube na baƙo daga talabijin.

Shi ma baƙo ya yi nasa binciken a daren farko. A kashe fitilu, a haska tocilar waya a hankali kan agogon bango, kan caja, soket, da duk abin da ke fuskantar gado ko banɗaki. Gilashin kyamara yana mayar da ɗan ƙyalli kamar idon kyanwa. Kyamarori masu gani a duhu suna fitar da hasken da ido ba ya gani amma kyamarar waya kan kama, musamman ta gaba. A gwada da rimot ɗin talabijin tukuna, in an ga kansa yana walƙiya a allon wayar, to wayar za ta yi aikin. In an samu wani abu kada a cire shi, a ɗauki hotonsa a inda yake, a bar gidan, a kai rahoto ga 'yan sanda da shafin da aka kama gidan ta cikinsa.

Saura ranar tashi, inda aka fi samun saɓani. An ce ƙarfe 12, ga shi ƙarfe 1 ta wuce, wani baƙon yana hanya daga filin jirgi. Wucewar lokaci ba ta buɗe maka ƙofa ba. A tuna masa tun daren jiya, a kira shi awa ɗaya kafin lokaci, a sa kuɗin jinkiri a cikin sharuɗɗa tun farko, a kuma bar tazarar aƙalla awa uku tsakanin mai fita da mai shiga. In ya fita ya bar kaya kuma ba a same shi a waya ba har dare, mutum biyu su shiga, a ɗauki bidiyon yadda aka tarar da ɗakin, a tattara kayan ba tare da buɗe jaka ko ɗaya ba, a kulle su a sito, a aika masa saƙo da hoton inda suke.