Yadda za ka zaɓi abin auna tuƙin keke: waya ko kwamfutar keke?

Duk wanda ya fara hawa keke don motsa jiki ba ya daɗewa sai ya fara son sanin kilomita nawa ya ci yau, minti nawa ya ɗauka, gaba yake yi ko baya. Toh a nan ne ake rikita mutum, wani ya ce sai ka sayi Garmin, wato kwamfutar keke, ’yar na’urar da ake ɗaurawa a kan keke tana auna tuƙi, wani ya ce ai manhajar waya ta Strava kawai ta ishe ka, kai kuma ga kuɗi sun yi wuya. Ni dai shawarata kada ka fitar da ko sisi tukuna. Wayar da ke aljihunka ta isa ka fara, kuma ita ce ma za ta nuna maka ko kana buƙatar wani abu daban. Ga yadda za ka bi.

Da farko zauna ka tambayi kanka me kake so ka auna. Idan burinka rage teɓa ne, ko likita ne ya ce ka riƙa motsawa saboda hawan jini ko suga, lokaci da nisa kawai kake buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, kuma wannan lissafin kowace manhaja ta kyauta za ta yi maka shi. Idan kuma tsere kake shiri, ko kana so ka kamo ’yan ƙungiyarku da suke barinka a baya kullum, sai maganar bugun zuciya da yawan juyin feda a minti ta shigo. Mai doguwar tafiya gari zuwa gari shi kuma damuwarsa taswira ce da batir. Ka san inda ka faɗa cikin ukun nan kafin ka je gaba.

Na biyu, sauke manhaja ɗaya. Ɗaya na ce, ba uku ba, don kunna su tare shan caji ne kawai. Strava ce aka fi sani, kamfanin Amurka ne da ya fara a 2009, tana da ɓangaren kyauta da na biya, kuma na kyautar ya isa ya rubuta maka nisa da gudu da lokaci da hanyar da ka bi. Abin da ya sa mutane suke maƙale mata shi ne abokai, kana ganin tuƙinsu suna ganin naka, sannan akwai guntayen hanya da ake gasa a kansu, wanda ya fi kowa sauri a wurin sunansa ya hau sama. Komoot ta Jamus da Ride with GPS su sun fi ƙarfi wajen tsara hanya kafin ka fita. Wanda kuma ba ya son buɗe akawun ko kaɗan, a Android akwai OpenTracks, komai a cikin wayarka yake zama ba ya zuwa ko’ina.

Na uku, kuma wallahi wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa alhali ya fi sauran muhimmanci: rufe sirrinka kafin fitar farko, ba bayanta ba. Ka yi tunani, idan ka danna farawa a ƙofar gidanku ka dawo ka kashe a ƙofar gidanku, ka zana wa duniya taswirar inda kake kwana kenan, da lokacin da kake fita bayan asuba, da lokacin da gida ba kowa, wani ma har hoton kekensa mai tsada yake ɗorawa a kai. A farkon 2018 taswirar da Strava ta fitar ta wuraren da mutane suka fi motsa jiki sai da ta tona fasalin wasu sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda kawai sojoji suna gudu da agogo a hannu. Idan haka ta faru da soja, ina ga ni da kai a wannan yanayin da ake ciki. Ka shiga setin Strava, ka nemo Privacy Controls, wato wurin tsare sirri, ka mayar da tuƙinka mabiyanka kaɗai ke gani, ka sa sai ka amince kafin wani ya bi ka, sannan a wurin taswira ka ɓoye farko da ƙarshen hanya, ana iya ɓoye har wajen mita 1,600. Ni ma na fi son a haɗa da dabarar gargajiya, wato ka bari sai ka hau babban titi sannan ka kunna. Mata masu tuƙi kuwa wannan ya fi zama dole a kansu.

Na huɗu, gyara wayar kanta. Mutane da yawa sun ɗauka sai da data GPS ke aiki, ba haka ba ne, wayar sauraren tauraron ɗan’adam kawai take yi, ko a dajin da babu sabis za ta rubuta tafiyarka, sai ka dawo inda akwai netwok ta ɗora. Data tana dai taimakawa wajen kama siginal da wuri da kuma buɗe taswira. Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce ka dawo ka tarar an ja maka miƙaƙƙen layi daga nan zuwa can kamar ka tashi sama ne, ko rabin tafiyar ta ɓace. Yawanci ba laifin manhajar ba ne, wayoyin Android da yawa suna kashe duk abin da ke aiki a bayan fage da zarar allo ya mutu don su tattala batir. Ka shiga setin batir ka cire manhajar daga wannan takurawar, ka ba ta izinin ganin ainihin wurin da kake, kada kuma ka kunna yanayin tattalin caji lokacin tuƙi. Ka tsaya a fili ka jira ta kama siginal kafin ka danna. Ka kunna abin nan da ke dakatar da ƙirge da kansa idan ka tsaya, in ba haka ba tsayuwar danja da ta mai shayi duk za su shiga lissafi su karya maka matsakaicin gudu.

Sai inda za ka ajiye ta. Ni aljihu na fi so ko ƙaramar jaka, a cikin leda saboda zufa, allo a kashe. Ɗaura waya a kan keke yana da daɗin kallo amma ga rana, ga girgiza, ga masu fizge. Apple da kansu sun ce iPhone an yi ta ne ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a bazara Sakkwato da Yamai da Maiduguri suna wuce 40, ka haɗa da allo a kunne da haske a ƙure, ba za a jima ba wayar za ta rage haske ko ta ce ta yi zafi. Sun kuma yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar babur na iya lalata kyamara, keke dai ba shi da inji amma wanda ya san ramukan hanyoyinmu zai yi hattara.

Na biyar, yi tuƙi da wayar kamar wata guda kana lura. Tana shan caji da yawa a awa ɗaya? Kana yawan tsayawa ka ciro ta don ka duba? Tana mutuwa kafin ka dawo gida, ka rasa abin kiran wani idan taya ta yi faci? Idan amsar duk a’a ce, shikenan ka gama, ka riƙe kuɗinka ka sayi hular kwano mai kyau da fitila. Idan kuwa eh ce, toh yanzu ne maganar kwamfutar keke ta taso.

Iri uku ne a taƙaice. Akwai ’yar mitar nan mai maganaɗisu, irin ta CatEye na Japan ko Sigma na Jamus, babu GPS, ana ɗaura maganaɗisu a jikin siraran ƙarafan taya da na’urar ƙirge a ƙafar gaba, duk juyi ɗaya ta ƙirga. Kada ka raina ta, da tsohuwar zuma ake magani: batirinta ɗan kwabon nan ne irin na agogo, yana watanni ba ruwanka da wutar NEPA, kuma idan ka saita ta daidai nisanta ba ya ƙarya. Saitin shi ne girman zagayen taya. Taya mai lambar girma 700x25 ana sa mata 2105, wato milimita, amma gara ka auna taka da kanka: ka daidaita bawul a ƙasa ka yi alama da alli, ka hau ka gangara juyi ɗaya har bawul ya dawo ƙasa, ka sake alama, ka auna tsakani da tef. Haɗa irin wannan a gaba da waya a aljihu, gaskiya ga yawancin mutane ya wadatar.

Sai masu GPS masu sauƙin kuɗi, irin su iGPSPORT da Magene da XOSS da Coospo na China, da Bryton na Taiwan. Ƙananansu galibi lambobi kawai suke nunawa babu cikakkiyar taswira, amma suna rubuta tafiya su tura Strava ta cikin manhajar kamfaninsu. Na sama kuma su ne Garmin Edge da Wahoo ELEMNT, da taswira da jagorar kwana-kwana da tsarin atisaye, Edge 530 misali kamfanin ya ce tana kai awa 20 a caji ɗaya, akwai ma masu tsotsar hasken rana irin 1040 Solar. Suna da kyau ba musu, sai dai kuɗin wata ya fi na keken da za a ɗora ta a kai.

Wajen saye ka duba ko allon yana karantuwa a tsakar rana. Ka fi karkata ga mai maɓallai a kan mai shafawa, don yatsa mai zufa da ƙurar hunturu ba sa shiri da allon shafawa. Ka nemi alamar IPX7, ma’ana tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, ruwan damina ba zai dame ta ba. Ka tabbatar tana fitar da fayil na FIT ko GPX, wato nau’in fayil ɗin tafiya da sauran manhajoji ke iya karantawa, don kada tarihin tuƙinka ya maƙale a hannun kamfani ɗaya. Ma’aunin tudu mai aiki da matsin iska ya fi na GPS daidaito, amma wannan damuwar mutanen Jos da Abuja ce, ɗan Kano da ƙasarsa take a shimfiɗe ba sai ya ƙara kuɗi a kai ba.

Maganar ƙarin na’urori kuma, yaruka biyu suke ji wajen haɗuwa da waya ko kwamfutar keke ba tare da igiya ba, Bluetooth da ANT+. iPhone ba ta jin ANT+ kai tsaye, yawancin wayoyi ma haka, don haka duk abin da za ka saya ka nemi mai jin duka biyun, ya yi aiki da waya yau ya yi da kwamfuta gobe. Idan ɗaya kawai za ka iya, ɗauki bel ɗin ƙirji mai auna bugun zuciya, ya fi agogon hannu daidaito musamman a hanya mai gargada, kuma shi ne ke gaya maka gaskiyar wahalar da ka sha ranar da iska ta tare ka gudu ya ragu. Ana yin ƙiyasin ƙololuwar bugu da cire shekarunka daga 220, mai shekara 40 kenan wajen 180, amma ƙiyasi ne kawai, mai ciwon zuciya ko mai shan maganin hawan jini ya tambayi likitansa tukuna. Na’urar juyin feda tana biye, yawancin masu tuƙi suna neman juyi 80 zuwa 90 a minti maimakon danna giya mai nauyi da ke cin gwiwa. Mai auna ƙarfin ƙafa da wat kuwa bar wa ’yan tsere.

Idan ta hannu za ka saya, kada ka biya sai ka fita da ita waje ta kama tauraro a gabanka, ka danna kowane maɓalli, ka leƙa ramin caji ko akwai tsatsa, ka juya bayanta ka duba ’yan kunnuwan da ke riƙe ta a mazauninta don nan ne suka fi karyewa. Ka sa mai ita ya goge bayanansa ya cire ta daga wayarsa, ka haɗa ta da taka a nan take, in ya yarda ma ka bar ta a kunne awa ɗaya ka ga kashi nawa batirin ya sauka.