Kurakuran da Ke Hana Mutane Cin Moriyar Laburaren Jama'a

Akwai masu zuwa laburare kullum idan jarrabawa ta gabato. Su shigo da nasu littattafan, su nemi kujera a lungu, su yi karatu, su tashi su tafi ba tare da sun ce wa kowa uffan ba. Ba laifi suka yi ba, wurin zama mai tsit ma hidima ce. Sai dai abin da suka ɗauka bai kai rabin abin da aka tanadar musu ba.

Kuskuren farko tun daga bakin ƙofa yake: zaton cewa sai ɗalibi ko mai dogon karatu ne ke da ikon shiga, ko kuma sai an biya. Hukumar UNESCO ta fitar da sanarwa kan laburaren jama'a tun 1949, aka sabunta ta a 1994 da 2022 tare da ƙungiyar laburarori ta duniya, IFLA. Abin da ta tsaya a kai shi ne laburaren jama'a kyauta yake a bisa ƙa'ida, kuma na kowa ne ba tare da duba shekaru, jinsi, addini, harshe ko matsayi ba. Da kuɗin jama'a ake gudanar da shi, don haka mai shiga ba alfarma aka yi masa ba. Ƙa'idoji kan bambanta daga wuri zuwa wuri, wasu na karɓar ɗan abu na rajista ko na buga takarda, amma shiga ka zauna ka karanta ba a saba cajin kowa a kai ba.

Daga nan sai rashin yin kati. Mutum zai shekara yana zuwa bai taɓa yin rajista ba, alhali abin da aka fi nema bai wuce katin shaida da wata takarda mai ɗauke da adireshi ba, yaro kuma sa hannun iyaye. Wanda ba shi da takardar adireshi kada ya yanke wa kansa hukunci, ya faɗa musu, don wasu laburarorin na da katin wucin gadi saboda irinsa. Katin ba na aron littafi kaɗai ba ne. A laburarori da dama lambar da ke jikinsa ce mabuɗin littattafan waya da na saurare ta manhaja irin Libby, da jaridu da mujallun bincike waɗanda a intanet sai ka biya kafin ka karanta. Laburare ya riga ya biya, kai shiga kawai za ka yi.

Babban kuskuren dai, wanda kusan duk sauran daga gare shi suka fito, shi ne ƙin tambaya. Mutane na ganin ma'aikacin da ke zaune a tebur kamar mai gadin littattafai ne, suna jin nauyin damunsa. Amsa tambaya ita ce aikinsa, kuma a kanta aka horar da shi. Matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya tambayi abin da yake nema da gaske. Ga yadda abin kan kasance. Mutum ya zo ya ce, "Don Allah ina littattafan shari'a suke?" A nuna masa kanta guda cike da manyan kundaye, ya tsaya yana jujjuya su har ya gaji, ya fita hannu rabbana. Ainihin damuwarsa kuwa ita ce mai gidan da yake haya ya ba shi takardar tashi, yana so ya san kwana nawa doka ta ba shi. Da haka ya faɗa tun farko, da an miƙo masa ɗan littafi kan haƙƙin ɗan haya, ko an gaya masa inda ake ba da shawarar lauya kyauta. Ƙwararren ma'aikaci ya san tambayar farko ba kasafai take zama ta gaskiyar ba, shi ya sa za ka ji yana cewa, "Me za ka yi da shi?" Ba bin diddigi yake yi ba, kuma riƙe sirrin mai karatu na cikin ladubban sana'arsu. Abu ɗaya da za a kiyaye: shi ba lauya ba ne, ba likita ba ne. Zai kai ka ga ingantaccen bayani da wanda ya dace ka gani, ba zai yanke maka hukunci ba.

Wani kuskuren shi ne duba kanta, a ga babu littafi, a juya. Wataƙila wani ne ya ara, sai ka sa a ajiye maka idan ya dawo. Wataƙila yana wani reshe, ko a wani laburaren daban, kuma akwai tsarin aro tsakanin laburarori da ake kawo maka shi inda kake. In ma babu shi ko'ina, da yawa na karɓar shawarar littafin da za su saya. Sau da yawa kuma littafin na nan, neman ne ba a iya ba. Yawancin laburarorin jama'a na bin tsarin da Melvil Dewey ya fito da shi a 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma: 200 addini, 400 harsuna, 500 kimiyya, 600 fasaha da sana'o'i, 900 tarihi da labarin ƙasa, da sauransu. Lafiya na 610, noma na 630, kiwon kaji na 636.5. Inda mutane ke ruɗewa shi ne lambobin bayan ɗigo, domin ɗaya bayan ɗaya ake karanta su: 636.08 na zuwa kafin 636.5 a jerin kanta, kuma 636.39 ma na zuwa kafin 636.5, duk da cewa 39 ta fi 5 a ƙirgen yau da kullum. Kuma idan ka gama da littafi, bar shi a tebur ko a keken da aka tanada. Wanda aka cusa a kantar da ba tasa ba, da shi da ɓatacce duk ɗaya.

Tsoron tara ya raba mutane da yawa da laburare. Littafi ya wuce wa'adi, kunya ta hana a mayar, wata ya zama shekara, shi ke nan an daina zuwa. Laburarori da kansu sun lura cewa tarar ta fi korar marasa hali, shi ya sa na birnin Chicago ya soke ta a 2019, na New York ya bi sahu a 2021. Ko inda ake karɓa, sun fi son littafinsu ya dawo. Ka sabunta aron kafin ranar ta cika, in ta wuce ka kai ka yi bayani. Idan shafi ya yage, kada ka liƙe da salatif, yana lalata takarda. Suna da nasu kayan gyara.

Kwamfutar laburare ta kowa ce, kuma nan ake yin sakaci mai tsada. Mutum ya buɗe imel ɗinsa ko Facebook, lokacinsa ya ƙare, ya tashi bai fita daga asusun ba. Ko ya ɓata awa guda yana rubuta takardar neman aiki, ya ajiye ta a kan kwamfutar, washegari ya tarar babu, domin yawancin waɗannan na'urori na goge komai da zarar mai amfani ya tashi. Ka tura wa kanka ta imel ko ka zo da filas, kuma kada ka yarda kwamfutar ta riƙe kalmar sirrinka.

Allon sanarwa kuwa, wucewa ake yi ba a kallo. A nan ake liƙa ajin koyon kwamfuta, karatun manya, taimakon cike fom, bitar masu neman aiki da lokacin karanta wa yara labari. Iyaye kan bar ƙananan yara a gida don gudun hayaniya, alhali sashen yara don su aka yi shi. Abin da ba a so shi ne a ajiye yaro a tafi, ma'aikata ba masu raino ba ne. Masu larurar gani su tambayi littattafai masu manyan haruffa, na saurare da na rubutun Braille. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta sauƙaƙa wa ƙasashen da suka shiga cikinta mayar da littattafai zuwa irin waɗannan siffofi. Wanda ciwo ko tsufa ya hana fita ya aika a tambaya ko ana kai littafi gida.

Ba kowane laburare ke da duk waɗannan ba, ƙarami ba zai yi abin da na babban birni ke yi ba. Amma masu raba kasafi alƙaluma suke dubawa: mutum nawa suka shigo, littafi nawa aka ara, nawa suka halarci aji. Idan an miƙo maka rajistar baƙi ka sa hannu, idan ka nemi wata hidima aka ce babu, ka roƙa a rubuta cewa an nema.