Darasi na 9: Muryar ƙararrawa a gitar bas

Wannan darasi na wanda ya riga ya iya saita gitarsa ne, ya kuma san sunayen tsirkiyoyinta. Ka karanta shi gitar tana bisa cinyarka. In ka karanta layi biyu ka tsaya ka gwada, sannan ka ci gaba.

Mu tuna baya kaɗan. Gitar bas tana da tsirkiya huɗu. Daga mai kauri zuwa siririya, sunayensu Mi, La, Re, Sol. A littattafan Ingilishi za ka ga an rubuta E, A, D, G, duk abu ɗaya ne. Ƙarafan nan da aka gitta a wuyan gitar, makaɗa na ce musu firet, mu a nan ƙarfe za mu ce. Ana ƙirga su daga kan gitar zuwa cikinta: na 1, na 2, har gaba. Wurin da tsirkiya ta hau a can ƙasa shi ne jaki, kamar dai jakin molo ko na goge.

Kowa ya san bas da murya mai kauri, irin wadda ake ji a ƙirji kafin kunne ya ji. Amma tana da wata siririyar murya a ɓoye, mai kama da ƙararrawa. Makaɗan Yamai na ce mata armonik.

Yadda ake fito da ita

Nemo ƙarfe na 12, inda galibi ake sa ɗigo biyu. Ɗora tsokar yatsanka na hagu bisa tsirkiyar Sol, daidai saman ƙarfen, ba a tsakanin ƙarafa ba. Kada ka danna. Taɓawa kawai, kamar mai duba ko tukunya ta yi zafi. Da hannun dama ka ja tsirkiyar kusa da jaki, kana ja kana ɗage yatsan hagu. In ka ji "tiiin" mai tsawo, ka samu. In ka ji "tuk" kamar an buga kwali, yatsan ya kauce daga saman ƙarfen ko kuma ya yi nauyi.

Nauyin hannu shi ne ciwon kowa a nan. Wata uku muna ce maka danna da ƙarfi, yau kuma mun ce kada ka danna. Hannu ba ya saurin mantuwa. A ajinmu na dare akwai wani dattijo, tela ne a Bukoki, kwana biyu yana fama bai samu ba. Ya ce mini, "Malam, wannan gitar tana da wariya, ku take yi wa magana." Na ce, "Baba, yaya kuke riƙe yadi mai santsi in yana shiga ƙarƙashin allura?" Ya yi dariya, ya sassauta yatsa, sai ga ƙararrawa.

Daga ina muryar take fitowa?

Washegari dattijon nan ya zo da tef ɗinsa na awo, muka auna. A yawancin bas, daga inda tsirkiya ta fara a kan wuya zuwa jaki santimita 86 ne da ɗan ɗoriya. Ƙarfe na 12 ya faɗo a kan 43, wato rabi cif. Na 7 yana wajen 29, kashi ɗaya cikin uku. Na 5 yana wajen 21 da rabi, kashi ɗaya cikin huɗu. Na 4 yana kusa da kashi ɗaya cikin biyar.

Ga abin da ke faruwa. In ka kaɗa tsirkiya a sake, tana lilo gaba ɗayanta, kuma a lokaci guda tana lilo rabi-rabi, da uku-uku, da huɗu-huɗu. Babban lilon ne ke danne sauran. Ka gwada da igiyar shanya: ka kaɗa ta a hankali za ta yi ciki ɗaya, ka ƙara sauri za ta yi ciki biyu, tsakiyarta ta tsaya kamar an riƙe. Yatsan da ka ɗora a tsakiyar tsirkiya yana kashe babban lilo, ya bar na rabi-rabi yana tafiya, don shi dama tsakiyarsa ba ta motsi.

Tsirkiyar La tana lilo sau 55 a daƙiƙa ɗaya. A ƙarfe na 12 muryar ta zama 110, a na 7 ta zama 165, a na 5 ta zama 220, a na 4 kuma 275. Ka lura, 55 ne ake ta ƙarawa. Wanda ya iya lissafin kasuwa ya riga ya iya wannan. Ka kuma lura da wani abin mamaki: in ana dannawa, murya tana ƙara kauri in ka koma wajen kan gitar, amma a nan ƙara siranta take yi.

Sunayen da za mu buƙata yau ba su da yawa. A ƙarfe na 12 da na 5, tsirkiya tana faɗin sunanta ne da siririyar murya: Re ta ce Re, Sol ta ce Sol. A ƙarfe na 7, Re tana ba da La, Sol tana ba da Re. A ƙarfe na 4, Sol tana ba da Si.

Haɗa murya uku

In murya biyu ko uku sun tashi tare sun dace, shi ne akor. Matsalar bas ita ce in ka danna tsirkiya uku a wajen muryoyi masu kauri ka kaɗa tare, sai su cakuɗe kamar kunu, ba a gane kowa. Armonik tana maganin wannan. Mai kauri ɗaya a ƙasa, sirara biyu a can sama, tsakaninsu fili.

Fara da mafi sauƙi. Kwantar da yatsan zobe bisa Re da Sol, saman ƙarfe na 5, ba dannawa. Bar tsirkiyar Mi a sake. A hannun dama, babban yatsa ya kama Mi, manuni ya kama Re, na tsakiya ya kama Sol. Ka tsunkula su lokaci ɗaya, ka ɗage yatsan hagu. Abin da ka ji Mi ne da Re da Sol, sunansa Mi minar 7. Kada ka damu da sunan tukuna, ka saurari yadda yake daɗewa.

Na biyu shi ne inda aikin yake, kuma a nan za ka ɗauki kwanaki. Da manuni ka danna tsirkiyar La a ƙarfe na 3, dannawa ta sosai, wannan Do ne. Yatsan zobe ko ɗan auta ya koma inda yake ɗazu, bisa Re da Sol a ƙarfe na 5. Yanzu hannu ɗaya yana aiki biyu da suka saba wa juna: yatsa ɗaya yana dannawa, ɗan'uwansa yana shafawa. Da farko duk su biyun za su danna, ko duk su saki. Haka kowa ya fara. Ka danna Do shi kaɗai ka riƙe, ka riƙa ɗora ɗayan yatsan kana ɗagewa sau goma ba tare da ka kaɗa komai ba, har su rabu. Sannan ka kula da cikin manuni: in ya kwanta zai taɓa Re ya kashe ta, don haka ka lanƙwasa shi ya tsaya da kansa. In ka tsunkula, yatsan shafawa kaɗai ke tashi, manuni yana nan daram.

Na uku: danna tsirkiyar Mi a ƙarfe na 3, wannan Sol ne. Yatsan zobe ya shafi Re a na 5, na tsakiya ya shafi Sol a na 4. Ka samu Sol, Re da Si, cikakken akor na Sol. Ta ƙarfe na 4 tana da gardama. Ba daidai saman ƙarfen take ba, sai ka ja baya wajen kan gitar kamar rabin santimita. In ka gwada ta da na'urar saiti za ta nuna maka ta yi ƙasa kaɗan. Ba gitarka ce ta lalace ba, haka halittarta take.

Akwai na huɗu ga mai son ƙari: danna Mi a ƙarfe na 7, shafa Re da Sol a na 7 ɗin, ka samu Si minar 7.

In ta ƙi fitowa

Kafin ka zargi hannunka, duba gitar. In tana da mikoro biyu, wato abin ɗaukar murya da ke ƙarƙashin tsirkiya, buɗe na kusa da jaki, ka kuma buɗe maɓallin da ke ƙara kaifin murya. Ka ja tsirkiya kusa da jaki, don in ka ja ta tsakiya muryar za ta fito a shaƙe. Tsohuwar tsirkiya da ta sha gumi da ƙurar hunturu ba ta ba da ƙararrawa mai kyau. Sabuwa tana da tsada, na sani, don haka ka goge taka da busasshen ƙyalle duk sanda ka gama. In wuta ta ɗauke ba ampili, wato na'urar ƙara sauti, kada ka fasa. Ka jingina kan gitar da ƙofar katako ko teburi, za ka ji ta.

Wanda ya fi kowa suna a wannan salo shi ne Jaco Pastorius, mutumin Amurka. A 1976 ya fitar da wani kiɗa mai suna "Portrait of Tracy", bas ita kaɗai, kusan duka da irin waɗannan akor. In kana da waya ka neme shi ka saurara, amma kada ka ce za ka bi shi a wannan wata.

Gaskiya kuma, a wurin biki, in ganga ta ɗauka mata sun shiga fili, ba mai jin ƙararrawarka, kuma in ka bar bugun ƙasa ka tafi nemanta mai ganga zai harare ka. Wurinta shi ne buɗe waƙa kafin kowa ya shigo, ko bugun ƙarshe, ko waƙa mai sanyi.

Aikin gida

A littafinka ka ja layi huɗu, ka rubuta Mi, La, Re, Sol a gefensu. Ka sa lambobi 4, 5, 7, 12 a sama. Ka cike sunayen muryoyin da muka ambata, sauran guraben ka bar su sai darasi na gaba. Ka amsa a rubuce: tsirkiyar La tana lilo sau 55, sau nawa za ta yi a ƙarfe na 5? Sannan kullum bayan isha'i, minti goma, ka kaɗa akor na farko ka ƙirga huɗu, ka koma na biyu ka ƙirga huɗu, na uku ma haka, ka dawo na farko. Ran Litinin kowa ya zo da gitarsa da ƙyallen gogewa.