Darasi na 7: Kwatar Unguwarmu, Wa Za Mu Faɗa Wa?

Karatu

Duk damina kwatar unguwarmu sai ta toshe. Ruwa ya shiga gidaje, katangu su jiƙe, sauro ya hana yara barci. Maza su yi ƙorafi a majalisa bayan la'asar, mata su yi nasu a gidan suna. Daga nan shiru. Mai ikon gyara bai ma ji ba.

To, wane ne shi? Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da magudanun ruwa da titunan unguwa, da kwashe shara, da kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, 44 daga ciki a jihar Kano. Birnin Kano kansa ya ratsa takwas: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Saboda haka fara sanin wacce kake ciki, da sunan mazaɓarka.

Kowace mazaɓa tana da kansila. Ƙuri'arku ce ta kai shi majalisar ƙaramar hukuma, don haka zuwa wurinsa ba roƙo ba ne. Amma kada a tsallake mai unguwa. Kuɗin gyara ba sa hannunsa, sai dai shi ke isar da magana ga dagaci, dagaci ga hakimi. A je masa da ladabi: "Ranka ya daɗe, mun zo ne kan maganar kwata."

Maganar baki iska ce. Ku rubuta takarda. A sa kwanan wata, da sunan layin, da yawan gidajen da ruwa ya shiga. Kowa ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. A nemi mata su faɗi nasu da bakinsu, domin su ne ke kwashe ruwan da bokiti cikin dare. Ku yi kwafi biyu, ku kai sakateriyar ƙaramar hukuma, a buga muku hatimi a kan naku, ku adana.

Kada a jira watan Agusta, ruwa ya riga ya ci gida. Tun kafin ƙarshen shekara ake tsara kasafin kuɗin baɗi, a lokacin ne takardarku za ta fi amfani. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin tarayya kai tsaye. Tambayar nawa ya shigo da me aka yi da shi ba rashin kunya ba ce.

Sababbin kalmomi: mazaɓa, kansila, kasafi, hatimi.

Aiki

1. Rubuta sunan ƙaramar hukumarka da na mazaɓarka.
2. Me ya sa ake yin kwafi biyu?
3. Ku zauna uku-uku, ku zaɓi matsala ɗaya a layinku, ku rubuta wa kansila layi biyar a kanta. A zo da ita aji na gaba, za mu karanta tare.