Yadda Ake Gano Ciwon Sabar da Gyara Ta Ba Tare da Bayanai Sun Salwanta Ba

Sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima ta hanyar sadarwa, ta bambanta da kwamfutar tebur ta fuska ɗaya mai muhimmanci ga mai gyara: tana rubuta duk abin da ke damunta. Sau da yawa ɓarnar da ake yi a wajen gyara tana faruwa ne saboda an ɗauki sukundireba kafin a karanta wannan rubutu. Don haka aikin farko na ido ne, hannu sai daga baya.

Karanta kafin ka taɓa

A jikin babban allon kowace sabar akwai wata ƙaramar kwamfuta mai zaman kanta da ake kira BMC. A Dell sunanta iDRAC, a HPE iLO, a Lenovo kuma XClarity Controller. Tana aiki muddin wayar wuta na jone, ko da sabar a kashe take, kuma galibi tana da ramin wayar sadarwa nata a baya. Shiga ta burauza, ka buɗe kundin rahoto. Idan Linux ce ke kan sabar kuma tana tashi, umarnin `ipmitool sel elist` zai zayyano maka kundin, `ipmitool sensor` kuma ya nuna zafi, gudun fankoki da ƙarfin wuta.

Ka nemi kuskuren da ya fara aukuwa, kada na ƙarshe ya ɗauke maka hankali. Fanka ɗaya ta tsaya, zafi ya hau, firosesa ta rage gudu, sabar ta kashe kanta: layuka huɗu ke nan a kundi, amma ciwo ɗaya ne. Ka kuma duba agogon BMC ɗin, domin idan ya kauce, lokutan da ke cikin kundin ba za su dace da na babbar manhaja ba. Ka adana kwafin kundin a wani wuri kafin ka goge shi.

Daga nan ka zagaya sabar. Koriyar fitila lafiya ke nan, mai ruwan lemo tana nufin matsala. Shuɗiyar fitila ta shaida ce: kunna ta daga gaba, ka koma baya ka tabbata wayar da za ka zare ta wannan sabar ce, ba ta maƙwabciyarta ba.

Kafin buɗe murfi

Tabbatar akwai kwafin bayanai na kwanan nan a wani wuri daban. Ɗauki hoton wayoyin baya da na ciki da wayarka. Ɗaura igiyar wuyan hannu mai sauke lantarkin jiki, ka maƙala bakinta a ƙarfen sabar inda babu fenti. Lantarkin da ba ka ma ji shi ba yana iya raunana RAM ta yi ta kuskure bayan makonni. Faifan ajiyar bayanai, akwatin wuta (mai ba sabar lantarki) da fankoki a yawancin sabobi ana iya canza su sabar na aiki. RAM, firosesa da katunan PCIe (katunan ƙari da ake sokawa a babban allo) kuwa sai an kashe, an zare duka wayoyin wuta, an danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 20 don ragowar wuta ta fita. A cikin murfin akwai zane mai nuna lambar kowane gurbi. Ka dogara da shi fiye da abin da ka tuna.

Faifai: inda kuskure ba ya gyaruwa

Nan ne ya kamata ka yi a hankali, domin sauran kayan duk ana sayen wasu, bayanai ne ba a saya.

Fara da sanin irin RAID ɗin, wato tsarin da aka haɗa faifai da yawa su zama rukuni ɗaya. RAID 1 da RAID 5 suna jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 biyu, RAID 10 kuma ɗaya daga kowane tagwaye. RAID 0 ba ya jure ko ɗaya. Idan RAID 5 ya riga ya rasa faifai ɗaya, ka zo ka zare lafiyayye bisa kuskure, rukunin gaba ɗaya ya faɗi. Saboda haka kada ka ƙirga gurabe da ido. Ka sa manhajar katin RAID ta ƙyafta fitilar faifan da ya lalace: `storcli` ga katunan MegaRAID, `perccli` ga na Dell, `ssacli` ga Smart Array na HPE. Idan ka zaro shi, ka gwada lambar jikinsa da wadda manhajar ta nuna.

Kafin ka sa sabo, duba lafiyar waɗanda suka rage da `smartctl -a`. Idan suna bayan katin MegaRAID sai ka ƙara `-d megaraid,0`, kana canza lambar ga kowane faifai. SATA da SAS nau'o'in faifai ne bisa yadda ake jona su. A faifan SATA, ka lura da lamba 5 a sakamakon, wato sassan da suka lalace aka sauya musu wuri, da 197, sassan da suka ƙi karantuwa suke jiran hukunci, da kuma 198, sassan da kuskurensu bai gyaru ba. A faifan SAS ka duba jerin lahanin da ya ƙaru bayan fitowarsa daga masana'anta. Hauhawar adadin daga mako zuwa mako ta fi adadin kansa tayar da hankali. Dalilin wannan bincike shi ne, sake gina RAID, wato mayar da bayanai kan sabon faifai, yana tilasta wa sauran faifan karanta kowane sashe nasu daga farko har ƙarshe. Faifan 8TB da ake rubuta masa 150MB a daƙiƙa zai ci kusan awa 15, kuma idan sabar na hidimar jama'a a lokacin, zai wuce haka nesa. Faifan da aka saya tare, suka yi shekaru suna juyawa tare, sukan tsufa tare. Idan ka ga na biyu yana da sassa masu jiran hukunci, fara kwashe bayanai tukuna, ginin ya biyo baya.

Sabon faifai ya zama girmansa ya kai na tsohon ko ya fi, irinsu ɗaya: SAS da SAS, SATA da SATA, SSD da SSD. Girman sashe ma ya dace, domin yawancin katuna ba sa haɗa faifai mai manyan sassa (4Kn) da mai ƙanana (512) a rukuni ɗaya. Danna sakatar gidan faifan, jawo shi kaɗan, jira daƙiƙa 30 ya daina juyawa, sannan ka fitar. Mayar da sabon cikin gidan da sukurori huɗu, a ramukan da tsohon yake, in ba haka ba bakinsa ba zai kai allon baya ba. Tura shi har sakatar ta kama, ka tsaya ka ga an fara gini.

Saƙo guda yana yawan jawo asara, shi ne wanda ke cewa an samu baƙon tsari a kan faifai. Zaɓi biyu ake ba ka: shigo da tsarin, ko goge shi. Idan faifan naka ne masu bayanai, misali bayan canza katin RAID, shigo da shi za ka yi. Gogewa ta dace ne kawai da faifan da aka ciro daga wata sabar don a yi faci da shi. Kada kuma ka amince da wani umarni na share sabon rukuni a kan faifan da ke ɗauke da bayanai.

Idan kuwa sabar ta yi nauyi wajen rubutu alhali duk faifai kore ne, duba batirin katin RAID. Idan ya mutu, katin yana daina tara rubutu a ma'ajiyarsa ta wucin gadi, ya koma jiran faifai kai tsaye. Canza batirin, kada ka tilasta wa katin ci gaba da tarawa ba batir, domin ɗaukewar wuta sau ɗaya ta isa ta lalata fayiloli.

RAM

RAM ɗin sabar mai ECC ce, tana gyara ƙananan kurakurai da kanta ta kuma rubuta su. Kuskure ɗaya jefi-jefi ba abin damuwa ba ne. Wanda ke maimaituwa a gurbi ɗaya, ko wanda bai gyaru ba har sabar ta faɗi, shi ake bi. Kundin zai ambaci gurbin, misali A3. Cire wannan sandar, ka musanya ta da wata irinta daga gurbi mai lafiya, ka kunna. Idan kuskuren ya bi sandar, ita ce ta lalace. Idan ya tsaya a A3, laifin na gurbin ne, ko na firosesa, domin a cikinta mai sarrafa RAM yake, kuma allura ɗaya da ta lanƙwashe a mazauninta tana iya kashe layin RAM guda. Ba a haɗa nau'in RAM na RDIMM da na LRDIMM. Ka bi jerin cika gurabe da ke jikin murfi, ka danna sanda har kunnuwan biyu su rufe da kansu. Bayan canji, sabar na iya yin mintuna da baƙin allo tana daidaita RAM. Ka ƙyale ta. In ta tashi, ka bar MemTest86, manhajar gwajin RAM, ta zagaya sau da dama.

Wuta da iska

Akwatunan wuta biyu su zama masu ƙarfin wat iri ɗaya, kowanne a jone da layin wuta daban. Idan ɗaya ya nuna ruwan lemo, fara canza waya da soket, sannan ka musanya gurabensu, amma wannan sai sabar na kashe, tunda zare lafiyayyen zai kashe ta. Ba a buɗe akwatin wuta don gyara. Akwai sassa a ciki masu riƙe wuta mai kisa bayan an zare waya.

Iska tana shiga ta gaba ta fita ta baya. Duk gurbin faifai da ba kowa a ciki a toshe shi da murfinsa na roba, a kuma mayar da robar da ke karkata iska kan firosesa da RAM, domin iska tana bin hanya mafi sauƙi ta bar kayan suna dahuwa. Shawarar ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin dumama da sanyaya iska, ita ce iskar da ke shiga ta kasance tsakanin digiri 18 da 27 a ma'aunin Salsiyos. Fankoki masu ihu ba dare ba rana sukan nuna murfin da bai rufu ba, fanka ɗaya da ta mutu, ko katin PCIe da BMC ba ta san shi ba. Wajen hure ƙura, riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Idan ta ƙi tashi sam

Rage ta zuwa mafi ƙarancin kaya: firosesa ɗaya a mazauni na farko, sandar RAM ɗaya a gurbin farko, akwatin wuta ɗaya, babu katunan PCIe, faifai an ɗan jawo su bayan ka rubuta lambar gurbi a jikin kowanne. Idan ta tashi, mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, kana kunnawa bayan kowanne, har ka kama mai laifin. Ka tuna wasu guraben PCIe da rabin guraben RAM na firosesa ta biyu ne, ba sa aiki idan ba ta nan. Idan kwanan wata da saitunan BIOS, manhajar da ke tayar da sabar, suna ɓacewa duk lokacin da aka zare wuta, batirin CR2032 mai bolt 3 ne ya ƙare.

Firosesa ita ce ta ƙarshe da za ka taɓa, don ba kasafai take mutuwa ba, kuma alluran mazauninta ba sa jure ko gogar yatsa. In ya zama dole, kwance sukurorin ƙarfen sanyaya bisa jerin lambobin da ke jikinsa. Na firosesar Xeon Scalable sukan buƙaci sukundireba mai bakin tauraro, Torx T30. Goge tsohon man sanyaya da barasar isopropyl da ƙyalle marar gashi, sa sabo daidai yadda littafin sabar ya nuna, ka ɗaure bisa jeri har kowane sukuru ya kai ƙarfin da aka rubuta. Bayan ta tashi, goge kundin rahoton da ka riga ka adana kwafinsa, ka ɗora mata aiki mai nauyi na awanni, sannan ka sake buɗe kundin ka ga ko wani sabon layi ya shigo.