Yadda za ka bi haƙƙinka idan gini ya ci hanya a Maraɗi

Ranar da aka sauke yashi da tsakuwa a ƙofar maƙwabcinmu, a unguwar Zariya, ba wanda ya kula. Sai da magina suka ja igiya suka zuba toka, sannan muka ga layin ya zarce katangun da ke jere da shi da taku biyu cur. Shaguna uku yake son fitarwa. Muka yi ta "bari a gani", "kada a ɓata zumunci", har gini ya kai kafaɗa. Da damina ta sauka, ruwan da ya saba bin gindin katangarsa ya juyo ya shige zaurenmu. Abin da zan jero a nan, yawancinsa bayan aikin gama ya gama na koye shi.

Ka fara riƙe abu guda. Hanyar gari ba ta kowa ba ce, dukiyar jama'a ce, kuma a dokar Nijar irin wannan dukiya ba a sayar da ita, ba a kuma mallakarta da daɗewa. Ko shekara 30 rumfar mutum ta yi a kan hanya, hanya tana nan a hanyarta. Maraɗi kuwa tana da sauƙi ta wannan fanni. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta cinye tsohon gari a fadama, an hau tudu aka yanka sabon gari kare-kare, wato rukuni-rukunin filaye da hanyoyi suka kewaye, da hanyoyi miƙaƙƙu masu faɗi. Faɗin nan shi ke ruɗin mutane. Kowa na ganin in ya ɗan ci taku ɗaya ba a rasa komi ba, sai wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa gologo, na gaba ya kafa rumfar kwano, shekara na zagayowa rumfa ta zama siminti.

Na farko: auna naka gidan

Kafin ka nuna wa wani yatsa, fito da takardun filinka. Duba lambar kare da lambar fili, da tsawo da faɗin da aka rubuta. Ɗauki awo ka gwada daga kusurwa zuwa kusurwa. Mutane da yawa sun tafi kai ƙara sun dawo da takardar rushe nasu matakalar ko ramin wankansu, domin mai awo in ya zo layi gaba ɗaya yake aunawa. In naka ya fita, gyara shi tukuna.

Na biyu: nemo taswirar rabon filayen

Gardamar hanya ba ta mutuwa da baki. "Tun kakana nan iyakarmu take" da "ai kowa ya san nan hanya ce" duk magana ce. Abin da ke yanke ta shi ne taswirar da aka yanka unguwar da ita, wadda ke nuna faɗin kowace hanya, da bornonin siminti da aka binne a kusurwoyin filaye. Ana neman taswirar a sashen kula da filaye na ma'aikatar magajin gari, ko ofishin tsara birane na jiha, ko wajen ma'aikatan kadastir, masu ajiye taswira da rajistar filaye. Birnin Maraɗi ya kasu gundumomi uku, don haka ka san wadda unguwarku take ciki kafin ka fita. Tafi da lambar kare a rubuce, kada ka je kana cewa "bayan masallacin wane".

Bornoni kan ɓace, wasu ƙasa ta rufe su, wasu kuwa hannu ne ya tumɓuke su da dare. In ka tono ɗaya, kada ka taɓa shi, ɗauki hotonsa inda yake. In babu, sai jiyometir, wato ƙwararren mai awon fili, mai izinin aiki ya zo ya sake fitar da iyaka daga taswira. Aikinsa na kuɗi ne, amma in maƙwabta biyar suka haɗa hannu ba ya nauyi, kuma rahotonsa shi ne takardar da za ta yi maka magana ko'ina ka je.

A unguwannin gefen gari da aka saya gona-gona wajen magada, ba tare da rabon hukuma ba, lamarin ya fi wuya. Can sau da yawa takardar shaidar mallaka ta gargajiya kaɗai ke hannun mutane, hanya kuma ita ce abin da mai gona ya ga dama ya bari. A nan shaidun ciniki da dattawan wuri su ne madogara.

Na uku: yi masa magana tun gini na ƙasa

Wannan ne inda muka yi sakaci. Mutumin da ya haƙa tushe kawai, janyewa ba ta ci masa komi sai ladan lebura. Wanda ya zuba buhun siminti 50 kuwa, kuɗinsa da girmansa yake karewa, ba zai saurare ka ba.

Kada ka tare shi gaban maginansa. Same shi bayan sallar magariba, ku biyu ko da dattijo guda. Ka ce: "Alhaji, na ga igiyar yaran nan kamar ta ɗan fito. Kada ka zuba dukiyarka gobe hukuma ta zo ta sa maka jan fenti. Mu duba takarda mana." Ka ba shi ƙofar da zai ɗora laifin a kan magini. Sau tari hakan ya isa.

Na huɗu: mai unguwa

In ya ƙi, sai wajen mai unguwa. Dokar 2015 da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya ta ba su ikon sasanta mutane, da rubuta takardar da ke nuna an sasanta ko an kasa. Nemi a rubuta, ko wane ne sakamakon, ka karɓi taka. Sulhun baki na tashi da iska da zarar motar birgi ta sake zuwa.

Sai dai ka lura da wani tarko. A zaman sulhu akan ce a raba: shi ya janye taku ɗaya, ku ku bar masa ɗaya. Yana da daɗin ji, amma ba ku da ikon bayarwa, mai unguwa ma ba shi da shi. Yana iya sasanta ɓarnar ruwan da ya shiga gidanka, ba ya iya kyautar da hanya. In aka kawo wannan shawara, ka ce cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, abin da ba namu ba, yaya za mu raba?"

Na biyar: rubuta wa ma'aikatar magajin gari

Ita ke da alhakin hanyoyin gari, ita ke ba da izinin gini, ita ke da ikon tsayar da aiki da ba mai gini wa'adin rushewa. Tun da aka rusa majalisun gundumomi a 2024 kantomomi ke riƙe da su, amma ofisoshin suna nan suna aiki. Rubuta takarda gajera da Faransanci, ko ka sa a rubuta maka: wane kare, wace hanya, mita nawa aka ci, wace cuta ake yi muku. Ka faɗi abin da ake gani da ido, kamar amalanke ba ta iya juyawa, motar asibiti ba ta shiga, ruwa ya toshe. Haɗa da hotuna masu kwanan wata, da rahoton awo, da takardar mai unguwa, maƙwabta su sa hannu. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan naka. Ba tare da hatimin nan ba, gobe a ce ba a taɓa ganin takardarka ba.

Ka kuma tambaya ko mai ginin na da izinin gini. Yawancin masu cin hanya ba su da shi, domin taswirar da za su kai ita za ta tona su.

Sannan ka yi ta komawa. Takardar da ba a bin sawunta barci take yi.

Na shida: kotu

In hukuma ta yi shiru aiki kuma na ci gaba, kira wisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaida, ya zo ya rubuta abin da ya gani. Rahotonsa na da nauyi gaban alƙali fiye da hoton salula. Da shi lauya zai iya neman babbar kotun Maraɗi ta tsayar da ginin cikin gaggawa, kafin a shiga ainihin shari'a. Kai abin da za ka kafa hujja da shi shi ne cutar da ta same ka: ƙofarka da aka toshe, katangarka da ruwa ya ci. Shari'ar ƙasa na jan lokaci da kuɗi, shi ya sa na ajiye ta ƙarshe.

Duk zafin da ka ji, kada ka ɗauki diga ka rushe da hannunka, kada kuma ka tura samari. Nan take magana za ta tashi daga cin hanya ta koma ɓarnar dukiya, kai mai gaskiya ka kwana wajen ƴan sanda.

In kai ne aka kawo wa takarda

Kada ka ƙi karɓa, kada ka yaga. Duba wa'adin, ka kai takardunka, ka nemi a sake awo a gabanka. In awo ya nuna kana cikin filinka, hukuma ce ke son faɗaɗa hanya, wannan wani babi ne: dokar 1961 kan karɓar fili don amfanin jama'a, wadda aka gyara a 2008, ta tanadi diyya. In kuwa kan hanya kake, kada ka sa rai da diyya, ko da kana da rasit na harajin rumfa da ka daɗe kana biya, domin izinin zama na wucin gadi ne. Duk ranar da aikin tituna ya taso, irin wanda aka gani lokacin shirin gyaran gari na Maraɗi Kwalliya a 2015, layin taswira za a bi. Gara ka cire kwanonka da ƙofofinka da azararka da kanka, ka jera su a tsakar gida, kafin katafila ta iso.